Wutar Homa: Yadda Mabiya Buda Suka Koma Bakin Murhun da Malaminsu Ya Bari

A tsofaffin littattafan addinin Buda akwai labarin wasu 'yan'uwa uku, 'yan gidan Kassapa, da ke zaune a gaɓar kogin Neranjara a arewa maso gabashin Indiya. Babban yana da almajirai 500, na tsakiya 300, ƙaramin 200, kuma babbar ibadarsu ita ce hura wuta da zuba mata hadaya. Buda ya zo ya zauna wurin babban har ya shawo kansa. Sai babban da almajiransa suka aske tukkayensu, suka tattara kayan hadayar wuta suka watsa a kogi. Ƙannen da ke can gangare suka hango kaya suna tafe bisa ruwa, hankalinsu ya tashi, suka zaci wani mugun abu ne ya afka wa yayansu. Suka zo duba lafiya, su ma suka aske. Wa'azin da Buda ya yi wa mutum dubun nan a dutsen Gayasisa, da wuta ya yi musu shi, tunda ita suka sani. Ya ce ido yana ci da wuta, kunne yana ci, zuciya tana ci, da wutar kwaɗayi da wutar ƙiyayya da wutar ruɗu, kuma aikin mai neman tsira shi ne ya kashe su.

To, yau idan ka shiga babban haikalin Naritasan da ke kusa da filin jirgin saman Narita a Japan, sau da yawa a yini za ka tarar ana dukan ƙaton tambari, wani limami cikin tufafin alfarma yana zaune gaban murhu, yana zuba mai da hatsi da ƙirare a wuta, harshenta yana tashi sama. Mabiyin Buda ne shi ma. Haka ake yi a Tibet da Butan da Mongoliya, haka limaman ƙabilar Newar suke yi a kwarin Katmandu na Nefal wajen aure da keɓe sabon wurin bauta. A harshen Sanskirit sunan wannan ibada homa, Japanawa na cewa goma, 'yan Tibet na cewa jinsek. Ta yaya addinin da ya fara da watsa kayan hadayar wuta a kogi ya dawo ya mayar da ita ɗaya daga manyan ibadunsa?

Sai an fara sanin abin da Buda ya ƙi. A addinin Beda, wanda waƙoƙinsa mafi tsufa suka haura shekara dubu uku, wuta abin bauta ce mai suna Agni, kuma aikinsa aikin ɗan aike ne. Abin da aka zuba masa a baki, shi ne yake kai wa sauran alloli a sama. Limaman Birahamawa ne kaɗai suka san kalmomin da ake faɗa da yadda ake jera itacen, sarakuna da attajirai kuma su ne ke biya, wani lokaci har da yanka dabbobi masu yawa. Buda ya soki yankan, ya soki cewa haihuwa a gidan limanci ce ke ba mutum tsarki, ya kuma soki tunanin cewa ƙona itace a waje zai wanke abin da ke cikin zuciya. An ruwaito cewa ya gaya wa wani Birahame da ya gama hadayarsa a bakin kogi cewa shi ya bar tara itace, wutar ciki yake hurawa. Wannan magana ce mutanen baya suka riƙe suka gina gini a kai.

Sama da shekara dubu ta shuɗe kafin a kai ga abin da ake kira tantara, wato tafarkin ibadun sirri da almajiri ke karɓa daga hannun malami. Wajajen ƙarni na 7 da na 8 miladiyya, Indiya ta rarrabu tsakanin sarakunan da ba sa rabuwa da yaƙi. Sarki yana son ruwan sama, yana son magaji, yana son annoba ta kauce wa garinsa, yana son nasara a kan maƙwabci. Masu bautar Shiba suna da ibadun da ke biyan waɗannan buƙatu, kuma fadoji suna buɗe musu ƙofa. Manyan gidajen karatun Buda irin su Nalanda da kyautar sarakuna suke rayuwa. Wanda ya ce neman shiga fada bai taka rawa wajen dawo da hadayar wuta ba, ya rufe ido ga tarihi. Amma wanda ya ce wannan ne kaɗai dalili, shi ma bai kalli abin da suka yi da ita ba bayan sun karɓe ta.

Akwai wani littafi na tantara mai ɗauke da sunan Buda Mahabairocana, wanda malamin Indiya Subakarasimha da almajirinsa Yixing, masanin taurari, suka fassara zuwa Sinanci wajajen 724 zuwa 725. Babi guda aka ware wa homa a ciki. Ya fara da lissafa wutacen Birahamawa, sannan ya kawo wasu wutace 12 na Buda, ta farkonsu wutar sani. Ya kuma raba homa biyu: ta waje, wadda ake yi da murhu da itace da mai, da ta ciki, wadda ke ƙone ayyukan da ke ɗaure mutum ga haihuwa bayan haihuwa. Daga Chang'an, babban birnin Sin a lokacin, wannan ilimi ya haye teku. Kukai, ɗan Japan, ya je Sin a 804, ya karɓi ijaza hannun malami Huiguo, ya dawo gida a 806, ya kafa ɗariƙar Shingon, ya soma gina cibiyarsa a dutsen Koya a 816. Ɗariƙar Tendai ta dutsen Hiye ita ma ta ɗauka. Ta ɗaya ɓangaren kuma littattafan suka hau tsaunukan Himalaya zuwa Tibet, inda har yau ake girmama jagorar homa da Abayakaragupta, malamin makarantar Bikramashila, ya rubuta wajajen farkon ƙarni na 12.

Mu matso kusa da murhun Shingon mu ga abin da hannun limamin ke yi. Dandamali ne mai kusurwa huɗu, murhun a tsakiya, an kafa turaku a kusurwoyin an kewaye su da igiya mai launi biyar, alamar cewa an shata fili an keɓe shi. A gefensa akwai 'yan ƙananan kwanoni na tagulla: shinkafa, gaurayen hatsi iri biyar, riɗi, garin turare, ganyen wani itace mai ƙamshi da ake kira shikimi, da mai. A Indiya soyayyen man shanu ne, a Japan aka maye shi da man tsiro. Ga ludayi babba da ƙarami masu dogon mariƙi. Ya tsoma sanda a ruwa ya yayyafa. Ya jera itace gicciye bisa gicciye, ya ɗauko wuta daga fitila ya kunna, ya yi mata fifita. Sai ya jefa ganye a ciki, a zuciyarsa yana ganin ganyen ya zama furen bado, wato shimfiɗar da baƙo zai zauna a kai.

Domin ibadar gaba ɗayanta tarbar baƙo ce. A gayyato shi, a ba shi wurin zama, a ba shi ruwan kurkure baki, wanda shi ne yayyafin da ake yi a leɓen murhu. A ciyar da shi da mai da hatsi, a turara shi, a gabatar masa da buƙata, a sake ba shi ruwa, a yi masa rakiya. Baƙon farko kuwa Agni ne, shi ɗin dai na Birahamawa, ana suranta shi dattijo mai gemu da carbi da tulun ruwa a hannu. Mabiya Buda ba su kore shi ba, matsayi suka sauya masa. Shi ke buɗe taro, amma babban baƙo daban yake. A goma da aka fi yi a Japan zagaye biyar ake yi, kowane da baƙonsa, kuma a na uku ne ake kiran babban, wanda galibi abin bautar da ake kira Fudo ne, mai murtuke fuska, takobi a dama, igiya a hagu, wuta tana ci a bayansa. Akwai damin ƙirare 108 da ake jefawa, adadin cututtukan zuciya a lissafinsu, wanda kuma shi ne adadin 'ya'yan carbinsu. Kowace zubawa da kalmomin mantara, wato lafuzzan ibada da ake maimaitawa, da ake furtawa, a rufe da "sowaka". Almajirin Shingon ba ya taɓa murhun nan sai a matakin ƙarshe na horo mai mataki huɗu da ke cin kimanin kwana ɗari.

A nan gizo ke saƙar. Abin da mai kallo ba ya gani shi ne abin da limamin yake ƙoƙarin riƙewa a zuci. An koya masa cewa bakin murhu da bakin babban baƙon da bakinsa shi kansa baki ɗaya ne. Yatsunsa suna ƙulla alamu, harshensa yana mantara, zuciyarsa tana suranta siffa, kuma ukun nan ana so su haɗu da jiki da magana da zuciyar Buda har a rasa mai bayarwa da mai karɓa. Idan haka ne, to babu ɗan aike, domin babu wani wuri mai nisa da za a kai saƙo. Wutar ita ce sani, itacen kuma kwaɗayinsa ne da fushinsa da jahilcinsa.

Wannan shi ne abin da ya raba tantara da tsohuwar koyarwa, kuma shi ne ya fi jan hankalina. A wa'azin Gayasisa kwaɗayi da fushi su ne wutar, a kashe su ake so. A homa sun koma makamashi. Wuta ba ta ci sai da itace, kuma yawan itacen shi ne yawan hasken. Mutanen tantara suna cewa ɗan Adam ba shi da wani abin da zai yi aikin farkawa da shi face halayen nan da yake fama da su, saboda haka a maimakon ya gudu daga fushinsa, ya san yadda zai jefa shi inda zai amfane shi. Magana ce mai ƙarfi, mai haɗari kuma, shi ya sa suka kewaye ta da ijaza da alkawari da sa idon malami.

Mai tambaya zai ce, idan ta ciki ce ta gaskiya, me ya sa ake ɓarnar mai da shinkafa? Akwai masanin ƙasar Holan, Frits Staal, wanda ya ɗauki hoton wata doguwar hadayar wuta ta Birahamawa a Kerala da ke kudancin Indiya a 1975, daga baya ya fito da ra'ayin cewa ibada irin wannan ba ta da ma'ana a karan kanta. Tsari ne na ƙa'idoji da ke tafiya daga hannu zuwa hannu, ma'anoni kuma kowane zamani ya liƙa nasa. Homa tana ba shi hujja babba. Ludayi biyun, da yayyafin ruwa, da Agni, da kalmar rufewa, duk sun taso daga gaɓar kogunan Indiya sun isa Kiyoto kusan yadda suke, alhali bayanin da ake yi a kansu ya juye gaba ɗaya. Amma ni ban bi shi har ƙarshe ba. Mutumin da ya zauna gab da wuta, zafi yana dukan fuskarsa, hayaƙi yana shiga idonsa, yana ƙirga itace da hannu yana kiyaye kalmomi da baki, ba shi da sararin da hankalinsa zai tafi yawo. Kuma yana gani da idonsa abin da ke hannunsa yanzu ya zama toka. Addinin da tushen koyarwarsa shi ne babu abin da ke dawwama ya sami hanyar da jiki zai koyi darasin, ba kunne kaɗai ba.

Bahaushen da ya ga hoton wannan ibada, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne Majusawa. Akwai dangantaka ta nesa, domin mutanen Iran na dā da na Indiya tushe ɗaya suka fito, kuma dukkansu sun girmama wuta. Amma mabiya Zarathustra suna riƙon wuta mai tsarki da ba a bari ta mutu, kuma suna cewa Ahura Mazda, ubangijinsu, suke bauta wa, ba wutar ba. Wutar homa kunna ta ake yi don aiki, idan an sallami baƙi a bar ta ta mutu. Fahimtar wannan ba ta nufin yarda da aƙidar. Adalci ne dai a faɗi abin da mutane suke yi yadda yake.

Sai ɓangaren da ba shi da daɗin ji. Homa iri huɗu ce a mafi yawan littattafai, kowace da siffar murhunta da launinta. Ta kwantar da masifa da ciwo, murhunta da'ira ne, tufafi da kayan hadaya farare. Ta neman ƙaruwar arziki da tsawon rai, mai kusurwa huɗu ce, ruwan ɗorawa. Ta jawo zukata da soyayya ja ce. Ta huɗu, ta murƙushe abokin gaba, murhunta kusurwa uku ne, launinta baƙi, ana fuskantar kudu, itacenta mai ƙaya, kayan zubawarta masu ɗaci da zafi. Malamai suna bayani cewa abokin gaban na gaskiya shi ne son kai, idan kuma mutum ne, to tausayi ne ke sa a tsayar da shi kafin ya tara wa kansa zunubi. Na yarda akwai waɗanda suka riƙe ta a haka da gaskiya. Amma tarihi ya nuna inda aka nufa da ita.

Haikalin Narita ɗin nan kansa shaida ne. A 939 wani jarumi mai suna Taira no Masakado ya yi tawaye a gabashin Japan, ya kira kansa sabon sarki. Fadar Kiyoto ta tura mayaƙa, ta kuma tura malami Kancho da mutum-mutumin Fudo. Bisa ruwayar haikalin, ya yi goma kwana 21, kuma ranar cikawa aka kashe Masakado a fagen daga, a farkon 940. A nan aka kafa haikalin. Har yau akwai wurin da ake ce an binne kan Masakado a tsakiyar unguwar manyan kamfanoni ta Otemachi a Tokiyo, kuma sananniyar magana ce cewa masu girmama shi a wurin bautar Kanda suna guje wa ziyarar Narita. A Sin ma, malami Amoghabajra ya yi wa gidan sarautar Tang ibadun kariya a lokacin tawayen An Lushan da ya ɓarke a 755. Addinin da farillarsa ta farko ita ce kada a kashe mai rai ya sami kansa yana hura wuta don mutuwar wani. Ba na jin bayanin tausayi ya isa ya rufe wannan giɓi. Abin da zan iya cewa shi ne, malaman da kansu sun san nauyin abin, shi ya sa suka tsaurara sharuɗɗan irin ta huɗu, kuma goma da jama'a ke halarta a yau kusan duk ta neman lafiya da buɗi ce.

A Tibet abin ya ɗauki wata kama. Wanda ya shiga halwa ya maimaita mantarar abin bautarsa, a ce sau 100,000, ba a ɗaukar ya kammala sai ya fito ya yi jinsek, domin ta cike abin da ya tauye: harafin da ya haɗiye, wanda ya ƙara, lokacin da gyangyaɗi ya ɗauke shi. Ta fuskar manufa kawai, mai karatu zai tuna da ƙabli da ba'adi. A fili ake yi, a zana murhun da garin launi a ƙasa, a tara itace ko busasshen kashin shanu, mataimaka suna miƙo faranti bayan faranti. Kowane abu da buƙatarsa: riɗi don wanke laifi, ciyawar durba don tsawon rai, ciyawar kusha don kariya daga ƙazanta, ƙwayar mastad don kawar da cikas.

Akwai wata ƙarama da mutum ɗaya zai iya yi da 'yar wutar gawayi, wadda ake dangantawa da wani abin bauta mai suna Dorje Khadro. A jera baƙin riɗi a faranti cikin siffar kunama. Mai ibadar ya suranta cewa duk miyagun ayyukansa suna fita ta hancinsa su shige cikin riɗin. Sai ya riƙa tsinkar riɗin kaɗan kaɗan yana jefawa a wuta, wadda yake gani a matsayin buɗaɗɗen bakin abin bautar, har kunamar ta ƙare. A ɗariƙar Gelug wasu suna maimaita wannan sau 100,000 a matsayin share fage. Manyan malamansu kuwa idan sun mutu, ƙona gawar ma a tsarin homa ake yinsa, jikin ya zama hadayar ƙarshe.

Daga nan taki ɗaya ne zuwa homar da ba ta da murhu sam. A horon da ake kira tummo, wanda aka gada ta hanyar malamai Naropa da Marpa da Milarepa, ana suranta wuta a ƙasan cibiya, a hura ta da sarrafa numfashi, ta hau tsakiyar jiki tana ƙone tunanin da ke raba ni da wani. Likitan Jami'ar Harvard, Herbert Benson, ya auna wasu masu wannan horo uku a Daramsala da ke arewacin Indiya, ya wallafa a 1982 cewa zafin yatsun hannu da na ƙafarsu ya ƙaru da har digiri 8.3 a ma'aunin Selsiyos. Su masu yi ba ɗumin jiki suke nema ba, alama ce kawai a wurinsu cewa aikin ya soma kamawa.

Talaka kuwa, a Japan, hanyarsa ta shiga ibadar gajeriya ce. Ya sayi ɗan siririn katako a ƙofar haikali, ya rubuta sunansa da buƙatarsa: lafiyar iyali, cin jarrabawa, kariya daga haɗarin mota, ciniki ya buɗe. Limamai su tara su ƙona. A Narita mutane kan miƙa jakunkunansu a gitta su ta saman wutar don neman tubarraki, kuma a kwana ukun farko na sabuwar shekara masu ziyara kan kai kimanin miliyan 3. Mafi yawansu ba su taɓa jin maganar baki uku da suka zama ɗaya ba, kuma limaman ba sa ganin wannan aibi ne, domin a koyarwarsu amfanin duniya ƙofa ce da ake jawo mutum ta cikinta.

Masu zuhudun duwatsu da ake kira yamabushi su ne suka fitar da goma daga ɗaki zuwa fili. Gwamnatin Meiji ta haramta tafarkinsu na Shugendo a 1872, bai dawo da 'yancinsa ba sai bayan yaƙin duniya na biyu. Suna tara manyan gungume, su lulluɓe da ɗanyen ganye, su busa ƙahon katantanwar teku, su harba kibau zuwa kusurwoyi don tsare filin, sannan su cinna wuta. A gindin dutsen Takao da ke yammacin Tokiyo ana yin haka a Lahadi ta biyu ta watan Maris kowace shekara. Idan wutar ta faɗa sai a baje garwashin, yamabushi su taka gishiri su ratsa shi ba takalmi, bayansu kuma duk mai so daga cikin jama'a ya cire takalminsa ya bi layi.